Turaren Wuta a Hawa na Takwas

Duk masu ba ni shawara kafin mu taso, daga mai cewa in riƙo yaji da yawa sai mai cewa in kula da fasfo, ba wanda ya tuna ya gaya mini cewa a Kuala Lumpur wanki ba ya bushewa. Ni da na tashi a Ɗorayi a Kano, inda za ki shanya zani ki shiga ki ɗora tukunya, kafin ruwa ya tafasa ya bushe ƙayau, sai ga ni a garin da riga ke kwana a kan igiya ta wuni, tana kallona ina kallonta. Amma wannan sai daga baya na gano shi. Da farko ko inda za mu ɗaura igiyar ma ba mu da shi.

Maigidana, Abban Hanan, shi ne ya samu tallafin karatun digiri na uku. Ni rakiya na yi, da bizar da ta hana ni aiki, bayan shekarun da na yi ina koyar da lissafi a makarantar 'yan mata. Hanan kuma shekararta uku a lokacin.

Zangonmu na farko wani ƙaramin otal ne a Bukit Bintang, ɗaki ba taga, sai ka duba waya za ka san ko gari ya waye. Da niyyar kwana biyu muka shiga, don tun muna Kano wani ɗan garinmu da kowa ke kira Ejan ya turo mana hotunan gida mai kyau, ya kuma karɓi kafin-alƙalami. Ranar da muka je ganin gidan, wani bawan Allah ne ya buɗe mana ƙofa da tawul a wuya, abokansa a bayansa suna cin shinkafa, ya ce su fa sun daɗe a nan kuma ba inda za su. Da aka kira Ejan sai ya ce, "Wallahi Malam small problem ne, by Monday komai zai zama settled." Har yau ban san wace Litinin yake nufi ba.

Wadda ta tsamo mu daga otal ɗin nan Maman Walid ce, wata 'yar Zariya da mijinta ke dab da ƙarasa karatu. A masallaci mazanmu suka haɗu, washegari sai ga ta da kanta ta zo ta kwashe mu zuwa gidansu a Titiwangsa, ta fitar da 'ya'yanta daga ɗakinsu ta ba mu. Ba ta san mu ba, ba ta san wanda ya san mu ba. A gidanta na fara cin tuwo tun barinmu gida. Na ci ina hawaye, tana yi mini tsiya wai ita ba ta zuba yaji haka ba.

Daga nan muka shiga neman haya. Abban Hanan zai kira lamba a yi ta hira lafiya lau, ana gaya masa akwai firji akwai injin wanki, har a zo kan tambayar ƙasa. Da ya ce Najeriya sai muryar ta canza, a ce ai yanzun nan wani ya kama. Wasu ma ba sa wahalar da kansu, a jikin tallan suke rubuta ba sa son 'yan Afirka. Maman Walid ta ce wasu 'yan uwanmu ne suka ɓata mana suna, wasu masu gidajen kuma ko gaisawa ba su taɓa yi da baƙar fata ba, tsoron kawai suka gada. Ko ma wanne ne, ni abin ya ci mini rai. Da yamma nakan ɗauki Hanan mu je bakin tafki, in zauna ina kallon dogayen benaye, ɗaki a kan ɗaki har sama, ina mamakin a ce duk cikinsu babu ƙofa ɗaya da za a buɗe mana. Har mun fara maganar da ba na so in ji, cewa in abin ya faskara ni da Hanan mu koma Kano, shi ya raɓa da samarin ɗalibai har ya gama.

Ana cikin haka wani abokin karatunsa ɗan ƙasar ya haɗa mu da gwaggonsa, Makcik Salma. Makcik shi ne yadda suke kiran duk macen da ta isa haifarka. Mijinta ya rasu, ta koma wurin ɗanta da zama, ta bar gidanta a hawa na takwas a wani gini a Pantai Dalam, kusa da jami'a. Ɗan nata, Azman, shi ya kawo ta, ya tsaya a bakin ƙofa yana latsa waya, ko kallon arziki bai yi mana ba. Ita kuwa ta zagaya da ni ɗaki ɗaki, ta nuna mini inda famfo ke ɗiga da yadda ake lallaɓa shi. Da za ta miƙo makulli sai ta riƙe hannuna, ta ce da Turancinta mai sanyi:

"Ɗana ba ya so. Ni na ce a gwada. Amma in maƙwabta suka kai ƙararku ofishin ginin nan, ko sau ɗaya ne, ba zan iya tare muku ba."

Na ɗauki maganar nan da muhimmanci har na wuce gona da iri. Ƙaramin turmin da na saya na tura shi ƙarƙashin gado, kada na ƙasa su ji daka. In zan sa daddawa a miya sai na rufe tagogi. Hanan ta sha harara a kan gudu a falo. Maƙwabtanmu na jikin bango wasu tsofaffin 'yan Sin ne, Ankal Wong da matarsa Madam Wong. Shi kullum da safe yakan sauka ya sayo jarida da shayi a leda, ita kuwa sai jefi-jefi nake hango ta ta ƙofarsu, tana jan ƙafa da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Tsakanina da su ɗaga kai ne kawai. A lissafina, wanda bai san da zamanka ba ba zai kai ƙararka ba.

Sai damina ta kankama. Da ma garin ba ya rabo da ruwa, amma na ƙarshen shekara daban ne. Da farko bayan Azahar yake saukowa, daga baya ya daina duba lokaci, a tashi da shi a wuni da shi. Ba wani sanyin a zo a gani ake yi ba, wani danshi ne mai tasowa daga tayil ya shiga tafin ƙafa ya zauna. Abban Hanan yakan dawo a jiƙe, bayan ya wuni a ɗakin gwaji inda esi ke huci, ya shigo yana atishawa kamar wanda ya shaƙi barkono. Ni da Hanan kuwa sai mu yi kwanaki ba mu taka ƙasa ba.

Fumfuna ce ta fara nemo mini aikin yi. Na adana kayana yadda Mama ta koya mini, a ƙulle tam a saka cikin kabad a rufe. Ashe a garin nan rufaffen kabad shi ne gidan fumfuna. Takalmin fatar da Abban Hanan ke zuwa Juma'a da shi ya koma kore. Kuka ta dunƙule ta zama dutse, busasshiyar kuɓewa ta yi gashi, jakar da na fi ji da ita ta yi fari-fari kamar an barbaɗa mata gari. Ranar da na zubar da kuɓewar nan a shara sai da na zauna na yi jimami kamar an yi mini rasuwa, don Mama ce ta yanka ta da hannunta ta shanya. Daga nan kullum da safe aikina ke nan, in fito da komai in goge da ruwan kal, in bar ƙofofin kabad a buɗe, in juya fanka ta kalle su. Falo ya cika da igiyoyi, zannuwa na reto, Hanan na rarrafe a ƙarƙashinsu wai gidanta ne. Abin da ya ƙi bushewa in bi shi da dutsen guga har ya haƙura.

In na gama wannan, sauran yinin yakan tsaya ya zuba mini ido. A nan na tuna da saƙar kwarashi da aka koya mana muna ƙaramar sakandare, wadda a lokacin nake ganin ɓata lokaci ce. Na samu zaren ulu a wani kedai da ke ƙasan gininmu, irin kantin nan mai sayar da komai da komai. Layin farko ya fito a karkace, na warware, na sake, na kuma warwarewa. Kafin mako ya zagayo hannuna ya tuna. Na saƙa wa Abban Hanan abin naɗe wuya, na yi wa Hanan safa da hula, na yi wa butar shayi riga, na yi wa rimot ma tasa. Wata rana ya dawo ya tsaya yana kallon falon ya ce, "Rabi, in ruwan nan ya ƙara wata ɗaya, firjin nan ma sai kin saƙa masa jamfa." Na ce ya kawo kuɗin zare ya gani.

Ban da saƙa, na shuka yakuwa a bokitin fenti a 'yar baranda, ita kaɗai ce a gidan ruwan bai dama ba. Na fara tsintar yaren Malay a katun ɗin da Hanan ke kallo, ko da yake ta riga ni, don in na ce ta zo ta yi wanka sai ta ce mini tak nak, wato ba ta so. Da La'asar, lokacin gari ya waye a Kano, in kira Mama ta gaya mini sun baza tumatir a kan rufi yana shan rana, in juya mata waya ta ga tagata. Kewa tana nan ba ta tafi ba. Amma gaskiya na fara son kwanakin nan, shayi a gefe, zare a cinya, ruwa na dukan gilashi, kuma ƙofar da ke rufe tamu ce.

Abu ɗaya ne ya gagare ni, warin danshi. Duk rigar da ta daɗe kafin ta bushe sai ta riƙe wani gafi irin na wankin da aka manta a bokiti. Wata Juma'a da hantsi na fito da shaddar Abban Hanan, don zai dawo ya canza kafin masallaci, na kai ta hanci na ce a'a, mijina ba zai shiga sahu da wannan ba. Ina da kwalbar turaren wuta da Mama ta haɗa mini, da kaskona na ƙasa da na naɗo cikin zannuwa, da gawayin da muka saya a kantin Larabawa. Na hura garwashi a kan gas, na zuba turare ba rowa. Ba ni da kabbasa, kwandon nan na turara kaya, sai na ajiye kaskon a ƙarƙashin ƙarfen shanya na lulluɓa shaddar a kai. Tagogi duk a rufe saboda ruwa.

Ƙamshin da ya tashi ya kai ni ɗakin Mama ya dawo da ni. Na ƙara turare, na zagaya da kaskon kowane ɗaki, har labule sai da na ɗaga na turara. Da Hanan ta fara tari sai na yi abin da kowace mace ke yi a gida in hayaƙi ya yi yawa, na buɗe ƙofa na ajiye kaskon a waje ya ƙarasa cinyewa.

Ban kai ga ninke shaddar ba wata jiniya ta ɗauka, mai shiga har cikin haƙori. Na ji ana buɗe ƙofofi, ana gudu, wata mata na kiran api, api, kalmar da na sani a katun, wuta. Wallahi ko kusa raina bai kawo kaskona ba. Ni a sanina gobara daban, turare daban. Na ce shi ke nan, wani ya bar gas a kunne. Na saɓa Hanan a baya na ɗaure da zani, na zura hijabi, na cusa fasfo ɗinmu a jaka. Da na fito na juye ruwan buta a kan garwashin, don ko a ruɗe ba na barin wuta a baya, na nufi matattakala tunda lif ya tsaya.

A bakin matattakalar na tarar da su Ankal Wong. Matasan ginin duk suna wurin aiki, waɗanda suka rage tsofaffi ne da masu jego, kowa ta kansa yake yi. Ya riƙe matarsa ta gefe ɗaya, ita ta riƙe ƙarfenta, ƙafarta na rawa a saman matakin farko ta kasa sauke ta. Shi kansa da ƙyar yake tsaye. Ban tsaya neman Turanci ba. Na kwance Hanan na damƙa masa hannunta, na durƙusa a gaban tsohuwar na bubbuga bayana. Ta kalle ni, ta kalli mijinta, sai ta saki ƙarfen ta kwanto. Na yafa zanin na ɗaure sama a ƙirji na soke ƙasa a ƙugu, yadda na goyi ƙannena huɗu. Ba ta da wani nauyi, amma hawa takwas ba wasa ba ne. Ina jin numfashinta a wuyana da bugun zuciyarta a bayana, ina sauka ina salati, ita ma tana ta maimaita wani abu da yarensu.

A rumfar motoci aka taru, iska na kaɗo ruwa ta ko'ina, kafin ka ce me duk mun jiƙe. Aka samo wa Madam Wong kujerar maigadi na sauke ta. Wasu mata suka kewaye ni suna shafa kafaɗata suna yaba mini, ni kuma ina sunkuyar da kai ina jin daɗi a raina, ina cewa yau dai an ga halin 'yan Najeriya. Motar 'yan kwana-kwana ta iso, suka hau da gudu. Ba a jima ba suka sauko a hankali. Na gabansu yana riƙe da kaskona, ya miƙa shi gaba yana tambayar na wane ne.

Ba sai an yi bincike ba, hijabina kaɗai ya isa shaida, duk wanda ke kusa da ni ya san inda ƙamshin yake fitowa. Na ɗaga hannu kamar ɗalibar da aka kama tana barci. Mutumin bai yi mini faɗa ba. Ya yi mini bayani cewa 'yar farar abar nan mai kama da murfin kwano da ke manne a silin barandar kowane hawa, hayaƙi take shinshina, kuma ba ta san na turare ba. Wata uku ina wucewa ta ƙarƙashinta ina zaton fitila ce da ta mutu. Matan da ke shafa kafaɗata suka janye ɗaya bayan ɗaya. Na waiwaya na ga Madam Wong tana karkarwa, leɓenta ya canza launi, Ankal Wong kuma yana yi mini wani kallo da ban taɓa mantawa ba.

Kafin Magariba zazzaɓi ya rufe Madam Wong, aka tafi da ita asibiti. Da Abban Hanan ya gama jin labari bai yi faɗa ba, ni kuwa na fi son ya yi. Sai ya ce, "Ni ma da ina gida, ni zan ce ki kai shi bakin ƙofa." Bai ƙara ba, amma na san abin da yake lissafawa, saura 'yan makonni ya kare tsarin bincikensa a gaban malamai, ga shi za a koma neman gida.

Washegari Makcik Salma ta kira. Ofishin ginin sun sanar da ita, kuma Ankal Wong ne da kansa ya shigar da ƙara. Tana ƙauyensu a Kelantan, ambaliya ta yanke hanya, amma da zarar an buɗe za ta zo. Muryarta ba fushi, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali.

Maman Walid ta ce in kama kaina. "Maman Hanan, just lie low. Mutanen nan ba su san ban-haƙuri irin namu ba, kina zuwa za ki ƙara jagula case ɗin." Na san ta fi ni sanin gari. Amma a ce maƙwabciyata ta kwanta asibiti ta dalilina, ta dawo, bango ɗaya tsakaninmu, ban je dubiya ba? Da wane ido zan kalli Mama in ta tambaya? Na zauna na saƙa mayafin kafaɗa mai kauri da duk zaren da ya rage mini, na dafa farfesun kaza ba yaji, na je na ƙwanƙwasa. Ankal Wong ya buɗe ƙofar katako ya bar ta ƙarfen a kulle. Na fara jero haƙurin da na kwana ina shiryawa. Ya kalli kwanon, ya kalli mayafin, ya ce ba sa buƙata, ya mayar da ƙofa. Na dawo na ajiye kwanon a kicin na yi kuka mai isata. Na ji kunya, na ji haushin kaina, kuma na ji tsoron komawa Kano in bar mijina a nan.

Ruwa bai fasa ba, hanyar Kelantan ba ta buɗe ba. Na roƙo kwalaye a kedai na fara haɗa kaya a hankali. Na ce ko za mu tafi, ba za a ce 'yan Najeriya sun bar gida da datti ba. Na wanke bayan firji, na kankare tsakanin tayil da tsohon buroshin haƙori, na sauke fankoki na goge, famfon nan mai ɗiga ma sai da na sa Abban Hanan ya canza masa roba. Aikin ya taimake ni, don in hannuna na motsi zuciyata takan ɗan lafa. Yakuwata kuwa ba ruwanta da halin da ake ciki, sai ƙara ganye take yi, har na tsinka na yi mana miya.

Wata ranar Asabar Makcik Salma da ɗanta suka zo. Azman ya zagaya gidan yana neman abin da zai nuna, bai samu ba, ya ce duk da haka sharaɗi sharaɗi ne, kuma akwai wanda ke jiran gidan. Makcik ta tsaya jikin labule ta shinshina, ta ce mahaifiyarta ma haka take turara tufafi a ƙauye da damina. Raina ya ɗan yi sanyi, sai ta ƙara da cewa amma ƙauye ba shi da hawa takwas. Ta ba mu zuwa ƙarshen wata. Sannan ta ce a matsayinta na mai gida dole ta shiga ta ba maƙwabta haƙuri, in zo mu je tare.

Saboda ita aka buɗe ƙofar ƙarfen. Madam Wong na zaune a kujera kusa da taga, ta rame, bargo a gwiwarta. Ankal Wong bai bari mun gama zama ba ya fara. Ya ce matarsa ta kusa tafiya saboda sakarcin wata, ya ce a shekarunta jiƙewa irin wannan ba abin wasa ba ne, ya ce wanda bai san dokar gini ba bai kamata ya zauna a gini ba. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ban ɗago kai ba. Makcik ta ba shi haƙuri, ta ce ya kwantar da hankalinsa, ƙarshen wata za mu tashi.

A nan tsohuwar ta yi magana. Ban taɓa jin muryarta sosai ba sai ran nan, 'yar siririya ce amma ba ta rawa. Da Malay take yi, kuma Makcik take kallo. Mijin ya so ya katse ta, ta ɗaga ƙarfen dogarawarta ta buga a ƙasa, ya yi shiru. Ta daɗe tana magana. Na ga Azman ya sauke wayarsa. Da ta gama, Makcik ta juyo gare ni ta fassara a hankali.

"Ta ce tun da ƙafarta ta mutu, ba ranar da ba ta zauna a kujerar nan ta tambayi kanta ba, in wuta ta tashi wa zai saukar da ita. Mijinta ba zai iya ba. 'Ya'yanta suna ƙasar waje. Maƙwabtan da ta sani shekara da shekaru, ran nan ta gefenta suka bi suka wuce. Ta ce ba ruwanta da ko wutar gaskiya ce ko ta ƙarya, ke dai ba ki san ta ƙarya ba ce lokacin da kika durƙusa. Ta ce in na fitar da ke, to in tabbata wanda zan kawo ya iya goyo."

Makcik ta kalli ɗanta ta ce masa ya ji dai da kunnensa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce gidanta ne. Ta ce to, garwashi dai kada ya sake shiga ginin nan, akwai kasko na lantarki a kasuwa, kuma a turara da taga a buɗe. Na ce na ji. Ankal Wong bai ce ya yafe ba, bai kuma ce bai yafe ba. Ya miƙe ya shiga kicin, muka ji ya ɗora ruwan shayi, ya fito da kofuna har da nawa.

Madam Wong ta yafito ni da hannu. Na matsa na durƙusa kusa da kujerarta. Ta kama hannuna ta kai ƙarƙashin hammatarta ta danna, ta faɗi wani abu tana ɓata fuska. Makcik ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya.

"Ta ce in an sake, ki sassauta ɗaurin sama. Har yanzu wurin yana mata ciwo."

Na buɗe baki in ce Allah ya kiyaye a sake, sai kuka ya ƙwace mini. Da ƙyar na iya ce mata to, zan sassauta.